Tayar Baya ta Hagu

"Zauna daidai," in ji Yaya daga cikin rami.

Auta ya ce ai daidai yake zaune, ƙafarsa ce kawai ta sage. Yaya ya ce ta sage ɗin, ba da ita ake awo ba.

Motar tana tsaye a kan ramin garejin, tayoyinta huɗu a ƙasa. Yaya yana ƙarƙashinta, fitila ɗaure a goshi, sifana biyu a hannu. Ƙaninsa yana kujerar direba, amma ba tuƙi zai yi ba. Nauyinsa ake so. Haka ake gyaran kamba, sai da mai tuƙin a ciki, don mota takan ɗan durƙusa ta ɓangaren da mutum ya zauna, tayar ma ta sake tsayuwa. Wanda ya auna ta babu kowa a ciki, wata motar ya auna.

Kamba ita ce karkatar taya. In ka tsuguna a bayan mota za ka ga kan tayar ko ya tsaya cak, ko ya ɗan sunkuya ciki. A motar haya babu mai damuwa da wannan. Ta Auta kuwa ba ta ɗaukar fasinja, ba ta zuwa kasuwa. Aikinta ɗaya, ta shiga kwana a karkace, gindinta a gefe, hayaƙi na bin ta. A irin wannan mota, karkatar ce ke yanke nawa ne na tayar zai taɓa kwalta. Yaya yakan bar na baya kusan a tsaye, rabin digiri kawai, domin da zarar an taka totur motar za ta zauna a gindinta, tayar ta ƙara sunkuyawa da kanta. In ka ba ta da yawa tun a tsaye, a kan gefenta na ciki za ta yi ta tafiya.

Gobe ne gasar. Wanda ya tsallake zagayen tantancewa, wani shago zai ɗauki nauyin tayoyinsa har ƙarshen shekara. Auta kuma da bakinsa ya yi wa Umma alkawari cewa in bai tsallake ba zai sayar da motar, ya huta, ita ma ta huta. Da dariya ya faɗa. Umma ba ta yi dariya ba, ta dai riƙe maganar.

Yau da safe ta tare Yaya a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi. Wata maƙwabciya ta nuna mata a waya yadda abokin Auta, wanda suke kira Dogo, ya daki bangon filin gasar da gefen mota a satin da ya wuce. Yanzu yana asibiti da ƙarfe a kafaɗa. Ta ce sau ɗaya ta kalla, amma tun daga lokacin ko ido ta rufe sai ta gani.

"Ba cewa na yi ka ɓata masa ita ba," ta ce. "Ka rage mata kuzari dai. Kai ka san inda ake taɓawa."

Bai ce komai ba. Ta ɗauki shirun a matsayin to. Shi ma haka ya ɗauke shi.

Ya san inda ake taɓawa kuwa. Ba inji ba, don Auta da kunne yake gane ciwon inji. Burki kuma ko a mafarki. Sai kamba. In ya sunkuyar da tayoyin baya da yawa, motar za ta yi hayaƙi kamar gobara, 'yan kallo su yi ihu, amma ba za ta ci ƙasa ba. Alƙalai gudu suke dubawa. Auta zai faɗi, ya dawo gida yana kallon hannunsa, yana zaton nan laifin yake. Fenti da sitika yake kallo a jikin mota, ba ya kallon tsayuwar taya.

Yaya ya sassauta notin da ke kulle hannun sama na tayar hagu, ya sa sifana a tsakiyar ƙarfen, ya fara juyawa. A sama Auta yana ta zuba. Babu kafet a motar, babu komai sai farantin ƙarfe, don haka muryarsa tana saukowa tas kamar a kunne yake magana. Ya ce Dogo tsoro ne ya ci shi, ya ɗaga ƙafa a inda ake takawa. Ya ce shi gobe zai kai gindin motar kusa da bangon nan har fenti ya gaisa da siminti, sannan ya take ta ta fice. Ya ce in ya ci, abu na farko da zai yi shi ne ya sayo wa Yaya fitilar goshi ta mutunci, wannan da ake ɗaure ta da roba ta isa ritaya.

"Nawa ka sa mata?" ya tambaya.

"Abin da ya kamata."

"Ni dai ban taɓa dubawa ba. In kai ka ɗaure, na gama."

Sifanar ta zame, Yaya ya bugi yatsa a jikin salansa, bututun hayaƙin motar. Bai yi ƙara ba. Ya tsotse wurin, ya ji ɗanɗanon baƙin mai.

Wayar Auta ta yi ƙara. Mai kantin da yake yi wa aiki ne, motar kaya ta iso, babu mai karɓa. Auta ya yi ta "gani nan, ranka ya daɗe" yana kwance bel. Ya ce Yaya ya jera batura a kujerar a madadin nauyinsa ya ƙarasa, zai dawo da yamma. Da ya fita, Yaya ya ga sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya miƙe, motar ta ɗaga kaɗan kamar ta ja numfashi. Ƙarar takalman Auta ta bi ƙofa ta ɓace.

Yaya ya fito daga ramin ya tsuguna a bayan motar. Tayar dama tana tsaye yadda ya saba barin ta. Ta hagu ta sunkuya kamar gwiwar tsoho. Ba kowa zai gani ba. Shi ya gani.

Babu batura. Mai garejin ya haɗa su da sauran tarkace ya ba 'yan gwangwan. Mai faci na shagon kusa, wanda ya leƙo neman aron guduma, ya ce shi zai zauna in ana so, aikin zama ai ba ya gagarar sa. Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce in ya zauna sai an sake shokozoba. Mai faci ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce hassada ce, ya ɗauki gudumar ya tafi.

Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Gawar mota ce lokacin da suka jawo ta garejin nan, babu gilashi, kaji sun yi ƙwai a but. Shi ya yanka, shi ya yi walda, Auta yana miƙo kaya yana surutu. Tun yaron bai kai sitiyari ba yake cusa shi tsakanin gwiwoyinsa a motocin da aka kawo gyara, yana bar masa kan ya juya a cikin yadi. In ana neman wanda ya fara, ba sai an je nesa ba. Shi ya sa da safe bai iya cewa a'a ba.

Yana nan zaune inuwa ta tare ƙofa. Umma ce, da kular abinci a hannu. Ba ta taɓa wuce bakin ƙofar garejin ba, takan ce warin fetur yana sa ta ciwon kai. Yau ta shigo har ciki, tana ɗaga ƙafa tana tsallake wayoyi. Ta ajiye kular a kan benci, ta tambayi ina Auta. Ya ce ya tafi kanti. Ta dubi motar, ta dube shi. Ba ta tambaya da baki ba.

"Rabin aikin," ya ce. "Na yi hagu, saura dama."

Ta ce to me ya tsayar da shi. Ya yi mata bayanin nauyi a taƙaice. Yana cikin bayanin sai ya tsaya, ya ƙare mata kallo. Auta jikinta ya ɗauko, gajarta da rashin ƙiba, har yadda suke ɗaga kafaɗa ɗaya.

"Umma, ki zauna min a ciki."

"Ni?"

"Ke da shi awo ɗaya ne."

Ta ce ashe rashin kunyar tasa ta kai nan. Ta ce ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Amma tana faɗa tana matsowa. Ya buɗe ƙofar, ya danna wani abu a wuyan sitiyarin ya zare shi gaba ɗaya don ta sami hanya. Ta ja da baya, ta ce ba ta ce ya kai ga haka ba. Ya ce haka aka yi shi, yana fita yana komawa. Ta cire takalmanta ta jera su a ƙasa kamar za ta shiga ɗaki, ta tattare zaninta, ta tsallaka ƙarfen da ya gitta ƙofar. Ya riƙe mata gwiwar hannu har ta zauna.

Kujerar ta kama ta ta ko'ina. Ta yi ƙasa sosai, kanta da ƙyar ya wuce gindin gilashi. Ya mayar da sitiyarin ya kulle. Ta ce wurin duk warin gumin yaron nan ne, ko wankin hular kwanon ma ba ya yi. Daga nan ta fara tambaya, tana nunawa da yatsa ba ta taɓawa. Wannan dogon sandan fa? Burkin hannu. Jan abin can? Na kashe wuta. Waɗannan bututun da suka zagaye ta kamar keji, wa ya yi su? Ya ce shi. Ta shafa ɗinkin waldar da babban yatsa, ta bi shi har kwana. Ta juya dama, inda kujerar fasinja ya kamata ta kasance, ta ga fili da kan notuna.

"Shi kaɗai yake zama a nan?"

"Shi kaɗai."

Ya sauka ramin. Sifirin ya koma daidai inda yake lokacin da Auta ke ciki. Ya ɗora sifana a kan notin dama, bai ja ba. Yana jin numfashinta ta cikin farantin. Ya lura magana da ita ta fi sauƙi in ba ya ganin fuskarta.

"Umma, bari in gaya miki abin da zai faru gobe."

Ta ce tana ji.

Ya ce motar ba za ta yi gudu ba, wannan gaskiya ne, kuma Auta ba zai tsallake ba. Amma Auta bai san an taɓa ta ba. Zai shiga kwanar bangon yadda ya saba, ya jefa gindinta har kusa da simintin, don haka ake samun maki. Kuma a wurin nan ba burki ne ke cire mutum ba.

"Totur ne. Ya taka, tayar ta kama ƙasa, ta tura shi gaba. In na sunkuyar da su yadda muka yi da ke, zai taka, ta ba shi hayaƙi kawai."

Can waje wani yana gwada hon ɗin babbar mota.

"Da safe ba ka faɗi haka ba," ta ce.

"Da safe ban so in yi tunanin ba."

Ta ce to ya cire mata wani abin, ta ƙi tashi gaba ɗaya, kowa ya kwana lafiya. Ya ce zai iya, minti nawa ne. Amma ta san ɗanta. Kafin rana ta yi tsaka zai ari ta wani, abokai gare shi kamar ƙasa, kuma kowa ya san hannunsa.

"Zai shiga wadda ban taɓa shiga ƙarƙashinta ba."

Ya ji ta gyara zama. Ta tambaya, in ya mayar da ita daidai, zai tsallake? Ya so ya ce mata Allah ne masani ya tsaya nan. Ya ce, "Ya iya, Umma. Ya fi yadda kike zato." Ta ce wato ba za a sayar da motar ba ke nan. Ya ce da wuya. Ta ce wato kowane wata sai ta zauna a gida tana jiran waya ta yi ƙara.

Ya ɗauke sifanar daga dama ya koma hagu.

"Zan mayar da ita yadda take," ya ce. "Ki yi haƙuri. In za ki fita, danna abin da na danna ɗazu, sitiyarin zai zare. Zan nemi wani ya zauna."

Daga ramin ba ya ganin ƙofa. Sifirin yake gani. In ta fita zai miƙe. Ya haska shi da fitilar goshi ya tsaya, gumi na bin bayan wuyansa. Wani ƙuda ya sauka a kan salansa, ya tashi. Ya ji ta sharce hanci da gefen mayafi.

Sifirin bai miƙe ba.

Ya fara juyawa. Ƙarfen yana tsawo a hankali, yana tura kan tayar waje. Ya yi a nitse, yana jin zaren notin a tafin hannunsa. Da ya kai inda yake zato, ya fito. Taya ba ta karɓar sabuwar tsayuwa sai an gangara da ita, don haka ya leƙa ta taga ya ce za su tura motar gaba kaɗan su dawo da ita, ita ta riƙe sitiyari kada ta bar shi ya juya. Ta ce in ta kai su cikin bango fa? Ya ce bangon garejin ya saba. Ya kira mai faci ya kama masa.

Mai faci ya zo yana goge hannu, ya leƙa, ya ga wadda ke ciki. Ya cire hula ya ce, "Mama, ashe ke ce za ki wakilce mu gobe. Da an faɗa da wuri da na sayi tikiti." Ta ce ya tura dai ya bar iyayi, shi da aka ce kujerar ma ta ƙi shi. Ya ce ashe har labari ya kai gida. Ba ta san komai a kai ba, ta dai dubi tumbin ne.

Suka tura. Motar ta gangara shiru, inji a kashe, ba a jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ta gilashin baya Yaya yana ganin hannuwanta biyu a kan sitiyarin, ta damƙe shi kamar za a ƙwace, bayanta a miƙe, idonta a gaba. Suka zagaya suka dawo da ita kan ramin. Ko karkacewa ba ta yi ba. Mai faci ya ce wallahi akwai masu lasisi da ba za su iya haka ba, ya koma shagonsa.

Yaya ya tsuguna a gefen tayar hagu ya manna ɗan akwatin awo a jikin rim. Lambar ta ƙi tsayawa. Ta hau kaɗan, ta sauka, ta sake hawa. Ya duba ko maganaɗisun ne bai kama ba. Ya kama. Sai ya gane daga jikin Umma rawar take zuwa. Bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge rim ɗin da ba shi da datti, ya goge, ya sake gogewa, har motar ta natsu. Lambar ta tsaya. Ta ɗan wuce rabin digiri. Ya sauka ya taɓa ƙarfen kaɗan, ya tura motar shi kaɗai gaba da baya, ya sake aunawa. Rabi. Ya zagaya dama. Rabi. Ya ja zare daga gaba zuwa baya ta kowane gefe, don in aka taɓa kamba bakin taya ma yakan kauce. Na hagu ya kauce kaɗan, ya dawo da shi. Sannan ya ɗaure notunan kullewa duka, ya ɗiga wa kowanne farin fenti yadda in ya motsa za a gani.

Ya fito yana goge hannu, ya ce an gama. Ya miƙa hannu zai zare mata sitiyarin, ta riƙe.

Ta ce ba za ta je filin gobe ba, kada ma Auta ya roƙe ta. Ya ce to. Ta ce shi kuma a ina yake tsayawa in ana yi? Ya ce wurin da ake canja taya, can baya. Ta ce a'a, gobe ya tsaya inda zai ga bangon nan da idonsa, kuma shi zai kira ta, ba wani ba, ko me ake ciki. Ya ce to. Ta ce maganar safe ta tsaya tsakaninsu. Ya ce dama ba ta fita daga bakinsa ba.

Ta dubi ƙasan motar, tsakanin ƙafafunta, kamar za ta hango shi ta cikin ƙarfen.

"Wanda ka kwance ɗin, ka ɗaure shi da kyau?"

"Na ɗaure."

"Sake."

Ya kunna fitilar ya koma ramin. Fentin ko bushewa bai yi ba. Ya ɗora sifana a kan notin hagu. Babu inda zai je, ya kai ƙarshe. Duk da haka ya tokare ƙafa a bangon ramin ya ja da dukkan ƙarfinsa, har motar ta ɗan girgiza, don ta ji daga sama.

"To," in ji Umma.